Darasi na Bakwai: Ɗan Kaɗan Da Ba Ya Yankewa

Assalamu alaikum iyayena da yayyena 'yan aji, barkanmu da sake haɗuwa. Kafin mu shiga karatun yau kowa ya ɗauko littafinsa da biro, ya rubuta waɗannan kalmomi guda uku a saman sabon shafi da manyan baƙi: IBADA, JIKI, IYALI. Kar a yi sauri, wanda hannunsa bai saba ba ya bi a hankali, mu ba tsere muke ba. A bar fili a ƙarƙashin kowace kalma saboda zamu dawo kansu.

Waɗannan kalmomin ba ni na ƙirƙiro su ba, daga wani labari ne da ke cikin Sahihul Bukhari. Bayan hijira zuwa Madina Manzon Allah (SAW) ya ƙulla 'yan uwantaka tsakanin Salmanul Farisi da Abu Darda'i. Wata rana Salmanu ya kai masa ziyara sai ya tarar da matarsa Ummu Darda'i ba kwalliya ba gyara, ya tambaye ta lafiya? Ta ce ai ɗan uwanka ba ruwansa da duniya. Da Abu Darda'i ya zo ya kawo masa abinci ya ce ci, ni azumi nake, Salmanu ya ce ba zan ci ba sai ka ci, haka ya haƙura ya ci. Dare ya yi Abu Darda'i ya miƙe zai fara salla, Salmanu ya ce kwanta, ya kwanta, can ya sake miƙewa ya ce masa kwanta, sai da ƙarshen dare ya yi sannan ya ce to yanzu tashi, suka yi salla tare. Sai Salmanu ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, kanka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Da labari ya je wa Annabi (SAW) sai ya ce Salmanu ya yi gaskiya.

Ku duba fa, mutumin nan ba wasa yake da addini ba, ibada ce ta yi masa yawa har ta danne sauran haƙƙoƙi, amma duk da haka aka gyara masa. To ina ga mu da yawancinmu neman abinci da waya ne suka cinye mana ranar gaba ɗaya?

Abin da ya fi damuna, kuma shi ne dalilin wannan darasi, shi ne yadda muke fara gyara. Mutum zai ji wa'azi zuciyarsa ta karye, a daren nan ya ɗau alkawari daga gobe izu biyu kullum, tsayuwar dare, ba fushi ba gulma, ya daina kaza ya daina kaza, duk a lokaci guda. Na taɓa koyar da wata baiwar Allah da ta yi irin wannan, kwana huɗu ta riƙe, a na biyar yaronta ya kwana da zazzaɓi ta makara har asuba ta kuɓuce mata, daga nan ta saki komai. Ta zo aji idonta ya yi ja tana ce min "Malam ni dai ina ga ba ni da rabo." Wallahi maganar ta daɗe tana min ciwo, don rabo tana da shi, kaya ne kawai ta ɗauka wanda ya fi ƙarfin wuyanta. Nana A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Na karanta mata shi, na ce Hajiya mu koma shafi ɗaya.

Yanzu ga dabarar. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san dabbar da ba a ɗaure a turke ba yawo take tafiya. Haka sabuwar ɗabi'a take, in ka ce "zan riƙa yi in na samu lokaci" to ba za ka samu ba. Mu kuma Allah ya riga ya kafa mana turaku guda 5 a kowace rana, asuba, azahar, la'asar, magariba, isha'i, sai ka ɗauki ƙaramin aiki ɗaya ka ɗaure shi a jikin salla ɗaya, yadda da ka sallame ka san abin da ke biye ba sai ka yi tunani ba.

Mu yi ɗan lissafi tunda mun koyi rabawa. Alƙur'ani bugun Madina shafi 604 ne. Wanda yake karanta shafi 1 bayan kowace salla, shafi 5 kenan a rana, ku raba 604 gida 5 a littafinku, zaku samu kwana 121 in an cike, wato wajen wata huɗu ya sauke. Wanda kuma shafi 2 kawai zai iya a rana, ɗaya da asuba ɗaya da magariba, kwana 302 ne, bai kai shekara ba. Wanda har yanzu yake haɗa baƙi ma layi uku ya ishe shi, ya maimaita su har su zauna. Tasbihin bayan salla kuwa, Subhanallah 33, Alhamdulillah 33, Allahu Akbar 33, a cike na 100 da kalmar tauhidi, ku gwada da agogo ku gani, bai fi minti biyu zuwa uku ba, amma sau nawa muke sallamewa hannu ya riga ya kai aljihu wajen waya? Allah ya ce a Suratur Ra'ad aya ta 28 da ambaton Allah ne zukata suke natsuwa, kuma natsuwar nan ita muke ta nema a wurare barkatai. Ni shawarata, da asuba kar a taɓa waya sai an gama azkar, labarin duniya ba inda zai gudu.

Sai JIKI. Nan ne mutane da yawa suke ganin kamar ba addini ba ne, alhali da jikin nan ake ruku'u da sujada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a sati, ku raba gida 5, minti 30 kenan sau biyar a sati, tafiyar ƙafa da ɗan sauri ta wadatar, a ɗaure ta bayan asuba ko bayan la'asar. Gishiri kuma sun ce kar ya kai giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya, saboda hawan jini. Maganar cika ciki an riga an gama mana ita a hadisin Tirmizi, kashi ɗaya na abinci, kashi ɗaya na abin sha, kashi ɗaya na numfashi.

Barci ne nake so mu ɗan tsaya a kansa. Likitoci sun ce babba yana buƙatar awa 7 ko fiye a dare, kuma Annabi (SAW) ya kasance ba ya son hira bayan isha'i. Mutum ya kwanta ƙarfe ɗaya na dare waya a fuska yana kallon bidiyo ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zo yana cewa shaiɗan ya hana shi tashi asuba, ya tashi jiki a mace, yaro ya zubar da ruwa kaɗan ya hau shi da faɗa, a wajen aiki ma abu kaɗan ya tunzura shi, kun ga dare ɗaya ya taɓa ibada ya taɓa jiki ya taɓa iyali. Gyaran asuba tun daga isha'i ake fara shi. A sa wayar caji nesa da shimfiɗa, inda sai an tashi tsaye za a ɗauko ta.

IYALI kuma ba sai an kashe ko sisi ba. Minti 10 bayan magariba ka zauna da matarka ko mijinki ko yara, a tambayi yaya aka wuni kuma a saurari amsar har ƙarshe. Wanda iyayensa suke raye ya ware rana ɗaya a sati ta gaishe su da babu fashi, wanda nasa suka rasu addu'a bayan salla ɗaya. In fushi ya taso kana tsaye ka zauna, in bai tafi ba ka kishingiɗa, haka ya zo a hadisin Abu Dawuda, kuma na gwada na ga amfaninsa, don kafin ka kai zaune kalmar da za ta ɓata zumuncin shekaru ta riga ta huce a baki.

Ranar da aka yi fashi fa? Za a yi, rashin lafiya za ta zo, tafiya za ta zo, baƙi za su zo. Ba a rama na jiya a ninka, kawai a ci gaba daga sallar da ke gaba. Hajiyar da na ba ku labari haka ta yi, shafi ɗaya bayan asuba, wata rana ta samu wata rana ta rasa, kuma ba ta sake cewa ba ta da rabo ba.

Aikin gida. A koma shafin da muka buɗe, a ƙarƙashin kowace kalma a rubuta jimla guda ɗaya tak mai farawa da "Bayan sallar", misali: Bayan sallar la'asar zan yi tafiya ta minti 30. Kar a rubuta abin da ya fi ƙarfi, in kana shakka rage shi rabi. A ƙasa a ja layi bakwai, a rubuta sunayen ranaku daga Asabar zuwa Juma'a, duk ranar da aka yi a sa alama, ranar da ba a yi ba a bar wurin haka ba sai an ji kunya ba. Wanda rubutun ya ba shi wuya ya faɗa wa na kusa da shi ya rubuta masa da fensir, shi kuma ya bi kai da biro. A zo da littafin ranar darasi na gaba, zamu karanta jimlolin da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya.