Yadda Za Ka Kai Iyali Otal a Kaduna Ba Tare da Ka Kama Ɗaki Ba

Idan zafin Maris da Afrilu ya sauka a Kaduna, aka ɗauke wuta, yara suka cika gida da ƙorafi, magidanci da yawa ba ya tuna cewa akwai wuraren da zai kai iyalinsa su ci abinci a cikin sanyi, su zauna a lambu, yara su shiga ruwa, a dawo gida kafin magariba. Mu a nan kalmar otal tana ɗauke da nauyi. "An gan shi a otal" magana ce da ke iya ɓata wa mutum suna. Wannan ne ya sa mutanen kirki suka bar wa baƙi da 'yan siyasa wurare masu kyau da ke garinsu, alhali gidan abincin otal kasuwa ne, kuma mai otal yana son kuɗin wanda ya zo cin shinkafa kamar yadda yake son na wanda ya kwana.

Kaduna ba baƙuwa ba ce a wannan harka. Otal ɗin Hamdala da ke titin Muhammadu Buhari, wanda dattawa har yau suke kira Waff Road, yana nan tun zamanin Sardauna. Otal ɗin Durbar kuwa an gina shi ne don hawan dabar FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a 1977, aka rushe shi a watan Janairun 2020. Yau akwai manya da matsakaita a Unguwar Rimi, Malali, Barnawa da sauran unguwanni. Ga yadda nake bi idan zan shiga ɗaya daga cikinsu da iyali.

Mataki na farko: san abin da ya kai ka

Cin abinci ne kawai, ko ninƙaya, ko wurin motsa jiki, ko kuwa kusurwa mai shiru da wuta da intanet kake nema don ka yi aiki da kwamfuta? Amsar ita ce za ta zaɓa maka wuri. Gidan abinci kusan ko'ina a buɗe yake ga kowa. Wurin ninƙaya da na motsa jiki su ne ake yi wa ƙa'ida: wani otal yana sayar da tikitin yini, wani sai ka yi rajistar wata, wani kuma na masu ɗaki ne kaɗai.

Mataki na biyu: buga waya kafin ka tayar da mota

Nan ne mafi yawan wahala take mutuwa, kuma nan na taɓa yin sakaci. Wata Asabar na cika mota da yara, kowa da tawul ɗinsa, muka isa wani otal, ashe an kama lambun da gefen ruwan gaba ɗaya don liyafar biki. Maigadi ya ba mu haƙuri a bakin get, muka juya. Ƙaramar tawa ta yi kuka har gida, tana tambaya, "Baba, laifin me muka yi?" Tun daga ranar ban sake fita ba sai na kira.

Idan an ɗauka, ka yi sallama, ka faɗi gaskiyarka: "Malama, ba kwana za mu yi ba, abinci za mu ci da iyali, yara kuma suna son shiga ruwa. Ana barin na waje?" Sai ka bi da sauran tambayoyin. Nawa ne kan babba, nawa ne kan yaro? Kuɗin shiga ya haɗa da abinci ko daban yake? Akwai taro ko biki a ranar? Ƙarfe nawa ake rufe wurin ninƙaya? Ana barin abinci daga waje? Yawanci ba a bari, har lemon kwalba, don haka kada uwargida ta sha wahalar soya kaji a banza. Ka riƙe sunan wanda ya ba ka amsa, domin idan magana ta canza a get, kana da wanda za ka ce a kira. Matambayi ba ya ɓata.

Wuraren bayan gari sun fi buƙatar wannan. Fifth Chukker, filin folo da wurin shaƙatawa da ke wajen Maraban Jos kusa da madatsar ruwan Kangimi, ba inda za ka faɗa haka kawai ba ne, musamman lokacin gasa. Haka ma ginin nan mai kama da fadar sarakunan Turai da wani Bajamushe ya yi a kan dutse a Kajuru a shekarun 1980: sai an nemi izini tun da wuri. Ga waɗannan biyun ina ƙara abu ɗaya da ba na wasa da shi. Ka tambayi mutanen yankin halin da hanya take ciki a makon, ka tafi da hantsi, ka dawo da sauran rana.

Mataki na uku: zaɓi rana

Asabar da Lahadi na biki ne da cunkoso. Ranakun sallah da na Kirsimeti kuwa ba a cewa komai. Wanda yake da hali ya je Talata ko Laraba bayan la'asar, zai samu wurin kamar nasa. A hunturun Disamba da Janairu ruwa yana yin sanyi ƙalau, yaro zai fito haƙoransa na kaɗawa, gara a zauna a lambu a sha shayi. Da azumi wasu otal suna shirya buɗa-baki na ɗibi-da-kanka, kuma kujeru suna ƙarewa, sai an kama wuri tun da rana.

Mataki na huɗu: a bakin get da wurin karɓar baƙi

Za a buɗe but, a leƙa ƙasan mota, wani lokaci a duba jaka. Kada ranka ya ɓaci, don tsaronka ake yi. Ka ce gidan abinci ka zo, ko wurin ninƙaya. Ka riƙe katin shaida a aljihu. Idan ka shiga, fara zuwa teburin karɓar baƙi ko da ka san hanya, ka biya a can, ka karɓi rasit ko tikiti. Kada ka miƙa wa wani ma'aikaci kuɗi a gefe don ya shigar da kai da rahusa: idan manaja ya zo zagaye, kai za a kunyata a gaban 'ya'yanka, shi kuma ya rasa aikinsa.

Benen ɗakunan kwana ba naka ba ne. Ka ja wa yara kunne tun a mota.

Mataki na biyar: abinci da lissafinsa

Ka nemi takardar jerin abinci mai farashi, ka tambaya kai tsaye ko farashin ya haɗa da haraji. Harajin VAT kashi 7.5 ne cikin 100 tun watan Fabrairun 2020, kuma otal da yawa suna ɗora kuɗin hidima a kai. A ce kun ci abincin naira 20,000 a inda kuɗin hidima yake kashi 10: ga 2,000, ga 1,500 na VAT, sai ka ga takarda ta zo da 23,500. Ba cuta ba ce, amma wanda bai sani ba zai ji kamar an zalunce shi. Ruwan gora da lemo su ne suke kumbura lissafi a ɓoye, don farashinsu ya ninka na shago.

Idan ɗibi-da-kanka ne, kan mutum ake biya, sai ka tambayi yadda ake lissafa yara. Idan oda ce, ka sani cewa farfesu ko gasasshen kifi na iya cin minti 40, ka fara sa a kawo wa ƙanana wani abu mai sauri. Kada ka ji nauyin tambayar ko ana dafa naman alade a kicin ɗin, ko an sa giya a wata miyar Turawa. Kaduna gari ne na kowa da kowa, ma'aikatan sun saba da tambayar. Haka nan ka roƙi teburin da ke nesa da mashaya, ka tambayi inda masallaci yake.

Ka taho da hanyar biya biyu. POS yana ƙin aiki, tiransifa tana maƙalewa, kuma ba daɗi a tsare ka ana jiran alat.

Mataki na shida: ruwa

Wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Yaro ba ya ihu idan yana nutsewa, shiru yake yi, kuma cikin 'yan daƙiƙu abin yake faruwa. Kafin kowa ya tuɓe, ka zagaya kwamin da kanka, ka ga inda yake da zurfi da inda yake na yara. Ka tambaya ko akwai mai ceto a bakin aiki. Ko akwai shi, babba ɗaya daga cikinku ya ajiye waya ya zuba ido, a riƙa karɓar juna. Robar da ake hura wa iska a ɗaura a hannu ba ta maye gurbin idon uwa ko uba. Idan ba ka iya hango ƙasan kwamin saboda ruwan ya yi duhu ko kore, kada a shiga, ko da an riga an biya. Idan hadari ya haɗo aka fara tsawa, kowa ya fito.

Game da sutura, yawancin wurare ba sa yarda a shiga da kayan gida. Akwai kayan ninƙaya masu rufe jiki na mata da dogon wando na maza, a nemo su tun kafin ranar. Uwargida ko 'yan mata da ba sa son cakuɗuwa da maza, a tambayi manaja ko akwai lokacin da aka ware wa mata, ko sa'ar da ba kowa. Wani manajan zai shirya muku idan kun kai ku biyar ko shida. A yi hattara da ɗaukar hoto a nan, kada matar wani ko 'yar wani ta fito a wayarka.

Kafin ku tashi

Ka duba takardar kuɗi layi-layi, ka kirga yara da takalmansu. Wanda ya yi muku hidima da fara'a, ka sa masa wani abu a hannu, domin ba lallai kuɗin hidimar da ka biya ya iso gare shi duka ba. Idan wurin ya kwanta muku, ka tsaya wurin manaja ka ce, "Yallaɓai, mun ji daɗi, idan za mu riƙa zuwa duk wata akwai rangwame?" Ka karɓi lambar teburin karɓar baƙi ka adana, don kiran da za ka yi kafin zuwa na gaba.