Yadda za ka kare bayananka kafin ka saki macro a Excel

Da zarar macro, wato jerin umarnin da Excel ke aiwatarwa da kansa, ya canza wani abu a jadawalinka, Ctrl+Z mai mayar da aiki baya ba zai cece ka ba. Excel yana share tarihin gyare-gyarenka gaba ɗaya, har da waɗanda ka yi da hannu kafin ka kunna macro ɗin. Mutane da yawa ba sa sanin haka sai ranar da lissafin albashin wata guda ko makin ɗalibai ya ɓace. Saboda haka duk kariyar da za ka yi, kafin kunnawa ake yin ta.

Mataki na farko: sa macro ya ajiye kwafi da kansa. Kada ka dogara da cewa za ka tuna, domin ranar da kake sauri ita ce ranar da za ka manta. Danna Alt+F11, ka buɗe macro ɗin, ka sa wannan layi a farkonsa:

ThisWorkbook.SaveCopyAs ThisWorkbook.Path & "\ajiya_" & Format(Now, "yyyymmdd_hhmmss") & ".xlsm"

Duk lokacin da aka kunna shi, zai bar kwafi mai ɗauke da kwanan wata da lokaci a wurin da fayil ɗin yake, sannan ya fara aiki. In wannan kaɗai ka ɗauka daga rubutun nan, ka tsira daga mafi yawan asara.

Na biyu: gwada a kan kwafi, layi bayan layi. Maɓallin F8 yana tafiyar da macro layi ɗaya a kowace dannawa. Ajiye jadawalin a gefe kana kallon abin da ke canzawa.

Na uku: kira shafi da sunansa. A nan ne ɓarna ta fi yawa. Macro ɗin da ka naɗa da Record Macro yana aiki ne a kan duk shafin da ke buɗe a gabanka. Ka naɗa shi don ya goge shafin "Gwaji", gobe ka kunna shi kana kan shafin "Albashi", shi ke nan, ya goge albashi, ba ruwansa. Maimakon ActiveSheet, wato shafin da ke buɗe, rubuta ThisWorkbook.Worksheets("Gwaji"). Haka kuma wajen jera bayanai: tabbatar ya kama dukkan ginshiƙan. In ya jera sunaye kaɗai ya bar kuɗi a inda suke, kuɗin wani zai koma gaban sunan wani, kuma ido ba zai gane ba. Ni wannan ya fi ba ni tsoro a kan gogewa, domin gogewa ana ganinta nan take.

Na huɗu: in za ka goge layukan jadawali, faro daga ƙasa zuwa sama da Step -1, umarnin da ke sa ƙirga ta koma baya. In ka faro daga sama, kowace gogewa tana turo layukan ƙasa zuwa sama, sai macro ya tsallake wasu.

Na biyar: kula da layuka biyu da ake yawan kwafowa daga intanet. Application.DisplayAlerts = False yana rufe bakin Excel, ya hana shi tambayarka kafin ya goge shafi ko ya danne wani fayil. On Error Resume Next kuwa yana sa macro ya ci gaba ko da ya yi tuntuɓe, wato kwafin zai iya ƙin ajiyuwa amma gogewar ta gudana. In dole ne ka kashe gargaɗin, mayar da shi True nan da nan bayan layin da ya buƙaci hakan.

Saura maganar ajiya. Tun Excel 2007, fayil mai .xlsx ba ya riƙe macro, zaɓi .xlsm, in ba haka ba wahalarka ta tafi. Sannan in fayil ɗinka yana kan OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, kuma AutoSave mai ajiye fayil da kansa a kunne yake, tsohuwar dabarar rufe fayil ba tare da ajiyewa ba ba za ta yi aiki ba, don ɓarnar ta riga ta ajiyu cikin daƙiƙoƙi. Kashe AutoSave kafin gwaji. In kuma ta riga ta faru, shiga File, sai Info, sai Version History, ka dawo da wanda aka ajiye kafin ka kunna macro ɗin.