Darasi na Tara: Tsara Lambobin MIDI da Raba Mafitar Sauti a Manhajar Ganguna

A darasin da ya gabata mun girka manhajar ganguna a kwamfuta, har mun ji amonta a lasifika. Yau za mu duba hanyoyi biyu waɗanda masu koyo kan rikita su da juna, wato hanyar da umarni yake bi ya shiga manhaja, da hanyar da sauti yake bi ya fita daga cikinta. Duk lokacin da kiɗa ya ƙi fitowa daidai, tambayar farko ita ce a wace hanya matsalar take daga cikin biyun nan.

MIDI saƙo ne kawai, babu sauti a cikinsa. Idan ka danna maɓallin kibod, ko ka doki faifan roba na gangar lantarki, abin da yake bin waya zuwa kwamfuta lambobi ne masu cewa an bugi wuri kaza da ƙarfi kaza. An fito da wannan tsari a 1983, da haɗin gwiwar kamfanoni irin su Sequential Circuits na Amurka da Roland na Japan, domin kayan kiɗan kamfanoni daban-daban su riƙa fahimtar juna. Yana da tashoshi 16, kowane maɓalli kuma yana da lambarsa daga 0 zuwa 127, haka nan ƙarfin bugu iyakarsa 127. A 1991 aka ƙara yarjejeniyar General MIDI, wadda ta keɓe tasha ta 10 ga ganguna, ta kuma ba kowace ganga lamba, daga 35 zuwa 81. Waɗanda ya kamata a haddace ba su da yawa: 36 ita ce babbar gangar ƙafa da ake kira kik, 38 ƙaramar ganga mai ƙara da ake kira siniya, 42 faifan tagullar nan biyu da ake kira hai-hat idan suna kife da juna, 46 idan an buɗe su, sai 56 wadda take ba da amon ƙarfe irin na kuge.

A ajinmu na dare da ke Aboabo a nan Kumasi, wani ɗalibi wanda ɗinki ne sana'arsa da rana ya taɓa ɗaga hannu ya ce, "Malam, na danna C1 kamar yadda takarda ta faɗa, amma shiru kake ji, kamar an yi ruwa an ɗauke." Da na leƙa kwamfutarsa sai na ga manhajar naɗin sauti ta FL Studio yake amfani da ita, alhali takardar da ke hannunsa an rubuta ta ne domin masu wata manhajar naɗin, wato Cubase. Na ce masa, "Ɗan'uwa, kayanka lafiya lau suke, suna ne ya ruɗe ka." Lamba 36 sunanta C1 a Cubase, amma a FL Studio sunanta C3, saboda haka C1 ɗin da ya danna lamba 12 ce, wadda babu wata ganga a kanta. Shi ya sa a wannan littafi lamba muke rubutawa, domin sunan harafi yana sauyawa daga manhaja zuwa manhaja.

Ba kowace manhajar ganguna ce take bin jerin General MIDI sau da ƙafa ba, kuma gangunan lantarki ma kowane kamfani da nasa tsarin. Idan ka doki faifan siniya sai wata ganga ta amsa, ka fara duba jerin taswirorin da suka zo da manhajar, wato tsare-tsaren da suke haɗa kowace lamba da gangarta, ka zaɓi wadda take ɗauke da sunan na'urarka. In babu, ka zaɓi gangar a kan allo, ka danna maɓallin da aka rubuta Learn, sannan ka doki faifan da kake so ya zama nata sau ɗaya, manhajar za ta riƙe lambar da kanta.

Jerin General MIDI yana da gangunan konga da bongo da ƙararrawar ƙarfe da ake kira agogo, amma babu kalangu ko kotso a cikinsa, balle atumpan na maƙwabtanmu Asante. Wanda yake son su dole ya naɗi sautinsu da makirfo, ya ɗora a manhajar da take karɓar sautin mutum na kansa, irin su FPC ko Battery. Shawarata ita ce a ajiye su daga lamba 82 zuwa sama, don kada su hau kan wata ganga. Kalangu kuwa sauti ɗaya ba ya isarsa, tunda makaɗi matse tsarkiya yake yi a hammata yana sassautawa, muryar tana hawa tana sauka. A naɗi aƙalla uku, na sake da na tsaka-tsaki da na matse, a jera su a maɓallai uku maƙwabtan juna, in ba haka ba duk wanda ya tashi a Zango zai gane cewa na'ura ce take bugawa.

Yanzu sai hanyar fita. Manhaja takan zo da dukkan gangunanta a haɗe cikin mafita ɗaya mai hagu da dama, wadda take sauka a layi ɗaya na mikisa, wato wurin da ake haɗa sautuka ana daidaita ƙarfinsu. Wannan ya isa gwaji, amma ranar da mawaƙi ya ce kik ya danne masa murya, ko kana son sa wa siniya amsa-kuwwa ita kaɗai, ba yadda za ka yi sai kowace tana da layinta. Aikin kuma a wuri biyu ake yin sa. Cikin mikisar manhajar ganguna, a ƙasan kowane layi, za ka sauya mafita daga babbar mafita zuwa ta 2, ta 3, da sauransu. Bayan haka sai ka koma babbar manhajar naɗi ka buɗe mata ƙofa: a Cubase ana kunna mafitocin ne a jerin kayan kiɗa, a FL Studio kuma ana shiga shafin Processing a danna Auto map outputs. Yawancin shirun da ɗalibai suke kuka da shi a nan yake, sun yi na farko sun manta na biyu.

Wani abu kan ba sabon shiga mamaki, wato ya kashe layin siniya amma ya ci gaba da jin ta can ƙasa-ƙasa. Manhajoji irin su EZdrummer da Superior Drummer an naɗi sautinsu ne daga ganguna na gaske a ɗakin naɗi, kuma makirfonin da aka rataya a sama da na tsakiyar ɗaki sun kama kowace ganga. Saboda haka a ba waɗannan makirfoni nasu layukan masu hagu da dama, a bar kik da siniya a tsakiya, sannan a tara duka layukan a layin rukuni ɗaya domin a iya rage ganguna baki ɗaya da hannu ɗaya. Da zarar an gama a adana tsarin da suna, tun kafin wuta ta ɗauke, domin kowa a garin nan ya san halin dumsor.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya rubuta a littafinsa lambar kik da siniya da hai-hat, tare da sunan harafin da manhajarsa take ba kowace lamba, sannan ya raba ukun nan zuwa layuka uku, ya zo da kwamfutarsa aji na gaba domin mu kashe su ɗaya bayan ɗaya mu saurara.