Kurakuran da aka fi yi wajen duba fatar ammoniyum faklorat da XPS

Ammoniyum faklorat, gishirin da ke ba daskararren makamashin roka oksijin, ba ya jure hasken X-ray, kuma nan ne sababbin hannu suka fi tafka kuskure. Mutum zai sa samfur a na'urar XPS, wadda ke haska fatar abu da X-ray don gano sinadaran da ke kanta, ya bar haske a kansa yana ta gyaran saiti, sai can ƙarshe ya waiwayi kilorin. Da ya ga tudu a zanen sakamako tsakanin 198 da 199 eV (ma'aunin kuzarin elektron) sai ya rubuta cewa fatar gishirin na da kilorayid. Malam, kai ka haifar da shi! Kilorin na faklorat yana wajen 208 eV. Hasken ne ke fizge masa oksijin, ya sauko kilorat a wajen 206, daga nan ya zama kilorayid.

Ka fara da Cl 2p, wato tudun kilorin, a wurin da haske bai taɓa ba. Ɗauki gajerun zagaye, ka ajiye kowanne daban, kada ka bari kwamfuta ta haɗe su. In tudun kilorayid na girma daga zagaye zuwa zagaye, ɓarnar na'ura ce. A ganina duk sakamakon da ba a nuna zagayen farko da na ƙarshe ba, bai cancanci a karanta shi ba. Masu kankare fata da argon don "tsabtacewa" kuwa, ɓarnarsu ta fi haka muni. Me ya rage ka auna?

Gishirin ba ya wuce da lantarki, don haka caji na taruwa ya ture tuddai. Kunna bindigar elektron mai kashe wannan cajin, ka daidaita da kabon a 284.8 eV. Amma in an lulluɓe ƙwayoyin da wani sinadari mai kabon, kada ka amince da shi kaɗai. Duba ko naitirojin ya faɗo wajen 402.

Cl 2p tagwaye ne, tazararsu 1.6 eV, girmansu 2 da 1. Ba nau'in kilorin biyu ba ne.

Kada ka niƙa samfur. Na'urar nanomita 10 na sama kawai take gani, niƙa zai fito da sabuwar fata, ga kuma haɗarin goga irin wannan gishiri. Miligiram kaɗan ya isa, a rufe tef ɗin manna samfur da shi ruf.

Kalsiyum da fosfaras kan fito daga maganin hana dunƙulewa da masana'anta ke zubawa.  Ajiye samfurin a busasshen mazubi har lokacin awo.