Kurakuran da ake yi wa shuke-shuke masu yaɗo

Doya, kokwamba, kankana, kabewa, dankalin Hausa da tumatir duk karansu ba ya iya tsayuwa da kansa, shi ya sa ake yi musu kuɗin goro wajen kulawa. Daga nan kuskuren yake farawa. Wata da jikinta take nannaɗe sanda, wata da siririn zare take kamu, wata kuwa kwanciya take yi tana fid da saiwa a gaɓoɓinta.

Doya tana cikin masu nannaɗewa. Kan tohonta yawo yake yi a iska yana neman abin da zai taɓa, don haka abu mai tsayuwa take so, ba waya da aka ja a kwance ba. A kafa sanda mai tsawon kamar mita 2 da zarar toho ya fito. Wanda ya bari sai yaɗo ya kwanta kan ƙasa mai zafi, zai tarar kan ya ƙone, ga sandar da aka caka a makare tana iya huda doyar da ta fara sauka. Sandar kada ta yi kauri ainun ko santsi, zamewa yaɗon zai yi. Busasshen karan dawa ma yana yi, in bai ruɓe ba.

Akwai kuma masu taya ta hawa da hannu su naɗa ta baibai. Farar doya gefe ɗaya take bi: in ka tsaya gaban sandar, za ka ga yaɗon yana hawa daga hagu zuwa dama. Ka naɗa shi akasin haka, warwarewa zai yi. A jingina kan kawai da sandar, a bar shi.

Kokwamba da soso da zare suke kamu, wanda ke fitowa a gindin ganye. Zaren nan ba ya iya zagaye gora mai kauri. Gora ta zama ginshiƙi, a ɗaura igiya ko raga a tsakani, abin da bai kai kaurin yatsa ba. In zaren ya riga ya kama ya murɗe, kada a ɓamɓare shi don gyara, da wuya ya sake kamawa.

Tumatir ba ya naɗewa, ba shi da zare. Kafa masa sanda ba tare da ɗauri ba aikin banza ne. A ɗaure da tsumma a ƙarƙashin gaɓa, a gitta shi tsakanin kara da sanda, a bar sararin yatsa, domin kara yana ƙara kauri. Waya ko zaren leda yanka shi suke yi.

Masu kwanciya su ne aka fi rikitawa, don abin da ya dace da kabewa bai dace da dankali ba. Saiwar da kabewa ke yi a gaɓa tana ƙara mata ruwa da abinci, har ana iya zuba ƙasa a kan gaɓa biyu ko uku don ta kama. Ɗaga yaɗonta lokacin noma tsinka saiwar ne. Dankali kuwa in ya kama ƙasa ko'ina a damina mai ruwa, sai ya tara ƙananan 'ya'ya a gaɓoɓi, na gindi su kasa girma. A ɗaga yaɗon a hankali, a mayar inda yake, kada a kifa ganyen. Wajen dasawa, a yanki yaɗo mai tsawon santimita 25 zuwa 30 daga kai, a binne gaɓa biyu ko uku, kan yana sama.

Kankana a gyara mata hanya tun tana ƙarama, kafin ta kama ciyawa. Kuma a bar zaren da ke kusa da ɗan, bushewarsa tana cikin alamun nuna.

Ita ma ciyawar kirikiri yaɗo take yi. Daddatsa ta da fartanya a bar ta a kunya shuka ta ne, tunda kowace gaɓa tsira take yi. A tono ta, a kwashe, a shanya a wajen gona sai ta bushe ƙayau.