Yadda Ake Gane Nau'in Kumbon Dakon Kaya Daga Ganin Ƙirarsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Kaduna zuwa Zariya, wajen Kawo ko Mararrabar Jos, ba sai an gaya masa abin da babbar mota take ɗauke da shi ba. Tankar mai daban take, tirela mai buɗaɗɗen baya daban, mai rufaffen akwati ita ma daban, kuma aikin kowacce yana bayyane a jikinta. Haka abin yake ga kumbunan da ba su da matuƙi, waɗanda ke kai wa 'yan sama jannati abinci, ruwa, iska, mai da kayan bincike a tashoshin da ke kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 400 daga ƙasa. Na lura ɗaliban da nake koyarwa a nan Kaduna sukan wahalar da kansu wajen haddace sunayen kumbunan, alhali idan mutum ya iya karanta ƙirar, sunan da kansa yake zuwa. Abin da mai karatu yake buƙata shi ne hoto mai kyau wanda aka ɗauka daga gefe, tare da shekarar da aka ɗauke shi.

Mataki na farko: a duba ko an ƙera shi don ya dawo

A fara da kallon siffar jikin gaba ɗaya. Idan kumbon ya yi kama da ganga ko tankin ruwa, miƙaƙƙe daga sama har ƙasa, to tafiyarsa ta zuwa ce babu dawowa. Bayan an sauke kayan, ma'aikatan tashar sukan cika shi da shara da kayan da suka lalace, a sake shi, a karkato shi zuwa kudancin tekun Fasifik inda babu mutane, ya ƙone a cikin iska. Progress na Rasha, wanda ya fara kai kaya tashar Salyut 6 a Janairun 1978, da Cygnus na Amurka, da Tianzhou na ƙasar Sin, da ATV na Turai, da HTV na Japan, duk wannan ce makomarsu.

Idan kuwa gaban ya tsuke, gindin ya yi faɗi kamar kifaffiyar ƙwarya, to Dragon ne na kamfanin SpaceX, wanda ya fara isa tashar ƙasa da ƙasa ta ISS a Mayun 2012. Faffaɗan gindin nan garkuwa ce da ke tare zafin shigowa iskar duniya, kuma wanda ya ga hoton Dragon bayan an tsamo shi daga teku zai ga jikinsa ya yi baƙi-baƙi kamar tukunyar da ta daɗe a kan murhu. Da lema yake sauka, kuma ta hanyarsa ake dawo da samfurin jini da sauran sakamakon bincike a cikin firji. Sai dai kowane allazi da nasa amanu, domin nauyin garkuwa da na lema yana cin wurin da kaya za su zauna. Rashawa sun taɓa neman tsaka-tsaki a farkon shekarun 1990, inda suka sanya wa wasu Progress-M ɗan ƙaramin ƙoƙo mai suna Raduga, wanda ke ɓallewa ya dawo da kaya har kilo 150 yayin da uwar kumbon ke ƙonewa.

Mataki na biyu: a duba yadda yake haɗuwa da tashar

A ganina wannan mataki ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Hanya biyu ce. Ta farko, kumbon ya kai kansa har bakin ƙofa ya maƙale da taimakon na'urorinsa, ma'aikatan tashar suna sa ido kawai. Progress da ATV suna da wata sanda a gaba wadda ke shiga wani mazurari a jikin tashar, shi kuwa Tianzhou da sabon Dragon zobe ne a goshinsu. Hanya ta biyu, kumbon ya matso ya tsaya cak kimanin mita 10 daga tashar, sannan ɗan sama jannati ya miƙa hannun ƙarfen nan mai suna Canadarm2, wanda tsawonsa ya haura mita 17, ya kama shi ya kai shi bakin ƙofa a ɗaure da kusoshi. HTV ne ya fara bin wannan hanya a Satumban 2009, Cygnus da Dragon na farko suka bi sahu. A hoto, sai a nemi wani ɗan zagayayyen faranti mai ƙusa a tsakiya a gefen kumbon, domin nan ne hannun yake cafkewa.

Dalilin da ya sa injiniyoyi suka rabu a kan wannan shi ne faɗin ƙofa. Ƙofar kumbon da ke maƙalewa da kansa zagayayya ce mai faɗin kusan santimita 80, ta wanda ake kamawa da hannu kuwa mai kusurwa huɗu ce, faɗinta yana kaiwa har santimita 127. Duk wanda ya taɓa sayen babban firji ko kabad a Kasuwar Gumi, ya iso gida ya tarar ƙofar ɗaki ta yi masa kaɗan, ya san abin da wannan tazara take nufi. Manyan kabad-kabad na gwaje-gwajen kimiyya ba sa shiga sai ta faffaɗar ƙofa, shi ya sa HTV ya zama abin dogaro bayan Amurka ta ajiye jiragenta masu fukafukai a 2011. Amfanin ƙaramar ƙofa kuma shi ne kumbon yana iya haɗuwa ko da babu kowa a tashar, kamar yadda Tianzhou na farko ya yi da tashar Sin mai suna Tiangong-2 a Afrilun 2017.

Kada a ɗauki wannan haɗuwa da wasa. A Yunin 1997, lokacin da ake gwada sarrafa wani Progress da hannu daga cikin tashar Mir, kumbon ya ƙwace ya daki sashen Spektr ya huda shi, iska ta fara tsiyayewa, sai da ma'aikatan suka yanke wayoyi suka rufe sashen gaba ɗaya kafin suka tsira.

Mataki na uku: a gano inda kayan suke zama

Kaya iri biyu ne. Akwai waɗanda za a shiga a ɗauko da hannu, kamar abinci da tufafi, waɗanda dole su zauna a rufaffen ɗaki mai iska, akwai kuma waɗanda a wajen tashar za a ɗaura su, don haka babu buƙatar su ratsa ta ƙofa. A tsakiyar jikin HTV akwai wani babban wagegen baki a gefe, inda hannun ƙarfe ke zaro wani faranti mai ɗauke da kayan waje, kuma ta nan aka kai sababbin baturan lithiyum da suka maye gurbin tsofaffin baturan tashar. Japanawa sun raɗa masa suna Kounotori, wani tsuntsu ne dangin shamuwa, ya yi sawu tara daga 2009 zuwa 2020, yana iya ɗaukar kimanin tan 6. Dragon kuwa buɗaɗɗen bututu yake ja a bayansa, wanda a cikinsa aka kai ɗakin nan mai kumbura kamar balam-balam, BEAM, a 2016. Shi Cygnus rufaffen ɗaki ne kusan gaba ɗayansa, kuma a birnin Turin na Italiya ake ƙera ɗakin.

Mataki na huɗu: a tambaya ko tanka ce

Ko a nisan da tashar take akwai ɗan burbushin iska da ke rage mata gudu, tana sauka ƙasa kaɗan-kaɗan, don haka sai an riƙa tura ta sama lokaci zuwa lokaci. A nan ne nake ganin ba a yi wa Progress adalci, domin mutane sukan ga tsufan ƙirarsa da ƙarancin kayansa, kimanin tan biyu da rabi, su raina shi. Daga kumbon Soyuz mai ɗaukar mutane aka samo shi, aka cire ɗakin tsakiya da 'yan sama jannati ke dawowa a ciki, aka maye gurbinsa da tankunan mai. An bar tankunan a wajen ɗaki mai iska da gangan, saboda man guba ne, idan ya yi yoyo kada ya shiga inda mutane ke numfashi. Ta bututun da ke bakin ƙofar haɗuwa ake juye man zuwa tankunan tashar, sannan Progress ya kunna injinsa ya ɗaga tashar baki ɗaya. Idan an ga kumbo mai gaɓa uku, gabansa dunƙulalle, to shi ne.

ATV ya yi irin wannan aiki da ƙarfin da ya ninka, domin nauyinsa ya kai kusan tan 20 lokacin tashi, amma sawu biyar kawai ya yi tsakanin 2008 da 2014. Tianzhou ma yana juye wa tashar Sin mai.

Mataki na biyar: a kalli farantan hasken rana

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Fukafukai huɗu da suka gitta juna na ATV ne. Zagayayyu guda biyu kamar faifai na Cygnus ne. Idan babu fukafukai sam, an lulluɓe jikin gangar da farantan, HTV ne, idan kuma a jikin bututun baya aka manna su, sabon Dragon ne.

Mataki na shida: a koma kan shekarar hoton

Kowane gida yana da zuriyarsa, kuma shekara ce ke raba wa da ƙane. Progress na asali ya yi aiki daga 1978, Progress-M ya fito a 1989, Progress-M1 da aka ƙara wa tankunan mai ya zo a 2000, sai Progress-MS a Disamban 2015, wanda ake harbawa daga Baikonur ta ƙasar Kazakhstan har yau. Akwai ma waɗanda aka cire musu ɗakin kaya aka ɗora musu sashen tasha sukutum suka kai, kamar Pirs a 2001 da Prichal a 2021. Cygnus na farko, wanda ya tashi a Satumban 2013, gajere ne mai miƙaƙƙun fukafukai, faifan nan sai daga Disamban 2015 suka bayyana tare da dogon jiki. Dragon da aka gani a hannun ƙarfe da fukafukai biyu na kafin ƙarshen 2020 ne, domin daga Disamban wannan shekara sabon samfurin ya karɓi aiki yana maƙalewa da kansa. Tianzhou kuwa a ido kusan ɗaya suke, canjin yana ciki: daga na shida, wanda aka harba daga Wenchang a Mayun 2023, an faɗaɗa ɗakin kaya har abin da yake ɗauka ya tashi daga tan 6.9 zuwa tan 7.4, don haka a nasa sai an nemi lambar sawun a rubutun da ke ƙarƙashin hoton.