Gyaran sabon daɓen laminet da ya kumbura a gidajen Jidda

A Jidda, inda iskar teku ke cike da laima, laminet, wato allunan daɓe masu kama da katako, wanda masu shaguna ke kira barkeh, kan tashi a bakin haɗi tun yana sabo. Cikinsa garin katako ne matsattse. In ya sha ruwa ya kumbura, ba ya komawa, ko an ɗora masa buhun siminti.

Fara da neman ruwan. Duba ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, don bututunta kan toshe ya riƙa ɗiga ta jikin bango. Duba ƙofar banɗaki ma.

Cire katakon gindin bango, ka kwance allunan daga bangon da ya fi kusa da wurin da ya kumbura, kana sa musu lamba da fensir a baya. Wanda bakinsa ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen kwali, jefar da shi.

Yanzu gwada simintin, matakin da masu gaggawa ke tsallakewa. Manna leda mai santimita 45 kowane gefe, ka liƙe ta da tef, ta yi awa 24. In ka ga raɓa a ƙarƙashinta ko wurin ya yi duhu, daɓen bai bushe ba. Dakata.

In ya bushe, shimfiɗa leda mai kaurin milimita 0.2, gefe ya hau gefe da santimita 20. Sababbin alluna su yi awa 48 a kwance cikin ɗakin. Wajen jera allunan, bar tazarar milimita 8 zuwa 10 a jikin bango, in ba haka ba tsakiya za ta yi tudu.

Goga kuwa, da matsattsen tsumma; ban da kwara ruwa irin na tayil.